Sirrinka Yana Wayar Wani

Tambayi mai WhatsApp ko yana kiyaye sirrinsa, sai ya nuna maka yadda ya ɓoye lokacin da yake hawa, ya kuma toshe surukarsa da maigidansa daga ganin hotunan da yake ɗorawa. A ganinsa, in dai na gida ba su gani ba, asiri ya rufu. Kamfanin da ya ba shi dandalin kyauta kuwa, ko a lissafi ba ya sa shi.

Gaskiya ne tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni yadda shi kansa ba ya iya karantawa. Amma ya san lambarka, da irin wayarka, da lokutan da kake hawa, da rukunonin da kake ciki. A Facebook kuma ana lura da duk abin da ka tsaya kallo, don da shi ake zaɓo tallar da za a jefo maka.

Abin da aka fi mantawa shi ne wasu ma suna riƙe da bayananka. A badaƙalar Cambridge Analytica da ta fito fili a 2018, mutum kusan 270,000 ne suka amsa tambayoyin wata manhaja a Facebook, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan har mutum miliyan 87, yawanci abokansu da ba su taɓa jin sunan manhajar ba. Mu ma mun ga irin wannan a gida. Manhajar ba da rance ta nemi izinin shiga lambobin waya, mai neman naira dubu 20 cikin matsi ya danna amincewa bai karanta komai ba. Ranar biya ta wuce, sai ga hotonsa a wayar kawunsa da ta limamin unguwa, ana kiransa ɓarawo. Kawun bai ci bashin kowa ba, amma lambarsa ta shiga hannun mutanen da bai sani ba.

Hukuma ta fara motsi, ko da yake a makare. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, a 2024 kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mamallakin WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Sai dai tara ba ta dawo da abin da ya riga ya fita. Hoton katin shaidar ɗan ƙasa da aka tura rukunin tsofaffin ɗalibai don neman tallafi yana nan a wayar duk wanda ke ciki, har da wadda za a kai kasuwa a sayar ba a goge ba.