HOTON GANUWA DA MATACIN HASKE

Kwanan baya muka tashi daga Gyallesu da la'asar sakaliya, muka nufi birni ta Ƙofar Doka, don mu ɗauki hoton abin da ya rage na ganuwar Zazzau. Muka fuskanci yamma, wajen Dutsen Kufena, muka ɗauka sau biyu. A hoton farko sama ta fito da gizagizanta gwanin kyau, amma ganuwa ta zama baƙa ƙirin. A na biyu ganuwa ta fito sarai, sama kuwa ta koma fari fat kamar an wanke allo. Mun tabbata malamai da akawuna da yawa masu sha'awar hoto sun gamu da irin wannan ɓacin rai.

To, mene ne dalili? Idon mutum yana tsuke ƙwayarsa in ya dubi haske, ya buɗe ta in ya dubi inuwa, ba tare da mai shi ya sani ba. Kyamara kuwa awo ɗaya ta ke yi wa hoto duka. Ga shi kuwa da yamma hasken sama ya kan ninka na ƙasa sau takwas ko fiye. In ta bi sama ta rasa ƙasa, in ta bi ƙasa ta rasa sama. Taura biyu ba ta taunuwa.

Maganin wannan shi ne matacin haske, watau wani gilashi da a ke sa wa a gaban idon kyamara. Rabinsa na sama toka-toka ne, rabinsa na ƙasa garau, duhun kuma yana sajewa a tsakiya. Ba ya sāke launin kome, rage ƙarfin haske kaɗai ya ke yi. Masu hoto suna lissafi da mataki, kowane mataki rabin haske ne. Wanda aka rubuta wa 0.3 yana rage mataki 1, watau ya bar rabi. Mai 0.6 yana rage mataki 2, ya bar rubu'i. Mai 0.9 yana rage mataki 3, ya bar sumuni.

Ga yadda a ke aiki da shi. Ka auna hasken ƙasa da ma'aunin kyamararka, sa'an nan ka auna na sama, ka ga tazarar da ke tsakani. In mataki 3 ne, sai ka sa mai 0.6, gama a ido ma sama ta fi ƙasa haske, in an daidaita su ƙwarai hoton zai yi kama da na ƙarya. Sa'an nan ka zame gilashin a hankali har iyakar duhunsa ta sauka inda sama ta haɗu da ƙasa.

Amma fa a lura, iri biyu ne. Mai iyaka a yanke ya dace da shimfiɗaɗɗen fili irin na fadamar Galma. A cikin birni kuwa, inda rimi da hasumiya su ke miƙewa sama, sai mai iyaka a saje, in ba haka ba kan rimin zai yi duhu gindinsa na haske.

Akwai kuma wanda a ke murzawa, mai kashe ƙyalli, irin wanda Edwin Land na Amurka ya yi suna da shi, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Da damina yana ƙara wa sama shuɗi, ya fito da ɗanyen ganye, musamman in rana tana wajen kafaɗarka. Amma yana cin haske mataki 1 zuwa 2. Ga mai ɗaukar hoton baƙi da fari kuwa, jan mataci yana duhunta shuɗiyar sama, ya haskaka jar ƙasar ganuwa. Da irinsa Ansel Adams ya ɗauki dutsen Half Dome a 1927. Hazon hunturu dai ƙura ce, gilashi ba ya share ta, sai a jira ranar da gari ya washe.

Wannan wahala ba sabuwa ba ce. Wajen 1857 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya kan ɗauki teku daban, sama daban, ya haɗa su wajen wanki. Wayoyin hannu na yau dabararsa su ke bi, suna ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido su haɗa. Sai dai in iska na kaɗa ganye ko mutum na wucewa, wani lokaci hoton ya kan ɓaci. Wurin da ya ƙone fari fat kuwa, ba kwamfutar da za ta komo da shi.

Kada a ce wannan wasa ne na marasa aikin yi. Ran 11 ga Agusta 1923 ba mai hoton da ya san abin da zai auku bayan shekara ɗari daidai, ran da wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta a 2023 har aka yi hasarar rayuka. Ginin ƙasa kowace damina sai ta ci rabonta. Ganuwar da malami zai nuna wa almajiransa gobe, watakila a takarda kaɗai za ta saura. Saboda haka wanda zai ɗauka, ya ɗauka da kyau, ya rubuta wuri da kwanan wata a baya. Allah ya sa mu dace, amin.