Ba kowace mutuwar kifi ce guba ba

Daga Roni zuwa Kazaure, har Gwiwa da Babura, kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol ya shiga gidaje. Sai dai duk ranar da mai kiwo ya wayi gari ya ga kifi sun yi rigingine, maganar ɗaya ce: "An sa hannu." Kafin azahar an gama nuna maƙwabci ko yaron da ke ba su abinci. Wannan zargi ya ishe ni. Ɗaukar alhaki ne, kuma yana hana a nemi abin da ya kashe kifin.

Guba ba ta zaɓe. In an zuba ta, cikin 'yan sa'o'i za ta kwashe manya da ƙanana, har kwaɗon da ya faɗa ciki. Cuta kuwa sanɗa take yi. Yau uku, gobe goma, jibi a cika bokiti. Kuma tana barin alama: gyambo a jiki, jini a gindin fiffike, kumburin ciki, gashin bakin tarwaɗa ya cinye, kifi ya bar cin abinci ya tsaya a tsaye cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa. Sau da yawa ƙwayar bakteriya ce da ake kira Aeromonas, wadda dama tana nan cikin ruwa, tana jiran kifi ya galabaita. Wa ke galabaitar da shi? Mai shi. Ya cusa kifi fiye da kima, ya bar ragowar abinci da kashi su ruɓe har amoniya ta taru, ruwa ya yi wari bai canza ba. Sanyin hunturu ya ƙara nasa. Wane maƙiyi kuma ake nema?

Mai zargin nan shi ne kuma zai ɓare kafson ja da yalo ya zazzage a tanki, wai ko da cuta ce. Ruwa in ya lalace, kafso ba ya gyara shi. In bairos ce, irin mai kashe karfasa da aka gano a Isra'ila a 2014, har hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi a kanta a 2017, kafso ba ya taɓa ta. Iyaka dai ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ragowarsa kuma ta biyo kifin zuwa tukunyarmu.

Da ka ga mutuwa ta fara, tsayar da abinci, rage ruwan ka zuba sabo a hankali. Rubuta adadin da ke mutuwa kullum da lokacin. Mutuwar asuba, musamman ga karfasa, ta fi kama da ƙarancin iska a ruwa. Sai ka nemi likitan dabbobi. Kada ka kai masa gawar da ta kwana tana kumbura, a zafin nan namu ba abin da za a gane a jikinta. Kama mai ciwon da ke da sauran rai, ka kai shi cikin ruwansa, ko a leda bisa ƙanƙara ba tare da ya daskare ba. Ɗebi ruwan tankin a kwalba mai tsabta daban. Abin da ya fi ƙarfin ido, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da ta binciken kifi a New Bussa.

Kowane tanki da komarsa da bokitinsa, ban da aro. Sababbin 'ya'yan kifi a ware su kamar mako biyu kafin a haɗa. Waɗanda suka mutu a haƙa rami a binne. Ban da zubawa a kwata ko a dam, kuma don Allah ban da sayar wa masu banda.