Sabon irin wake: manomi yana da hakkin sani

Ƴan'uwa manoma, masana kimiyya suna iya ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta, su dasa ta cikin shuka. A shekarar 2019 Najeriya ta amince da wani wake da aka yi wa wannan aiki, mai suna SAMPEA 20-T, daga cibiyar binciken noma ta Zariya. Tsutsar da ke huda kwanson wake tana mutuwa idan ta ci shi. Feshin magani sau 2 ya isa, maimakon sau 6 zuwa 8.

Amfaninsa a fili yake, amma akwai abin lura. A 2008 Burkina Faso ta soma noman audugar da kamfanin Monsanto ya yi wa irin wannan aiki. Ɓarnar tsutsa ta ragu, sai dai zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. A 2016 ƙasar ta daina nomanta, aka shiga jayayya kan wanda zai biya asarar.

Yarjejeniyar Kartahena ta shekarar 2000, wadda Nijar ke cikinta, ta hana kai irin wannan iri wata ƙasa domin shuka sai an sanar da hukumarta, ta yarda. Amma waken da ake aunawa da tiya a kasuwannin kan iyaka ba ya zuwa da takarda.

Saboda haka, kafin ku shuka baƙon iri, ku tambayi sunansa da asalinsa, ku nuna wa malamin gona. Ku adana irinku na gado daban, kada ku gauraya. Matambayi ba ya ɓata.