Littattafan Tsafin Turawa da Zancen Satar Asirinmu

A majalisun Gyadi-Gyadi da rumfunan kasuwar Tarauni, musamman bakin matasa masu yawan duba waya, ana jin cewa Turawa sun buga littattafan koyon maita, wai kuma daga borinmu suka kwashi asirin. Zancen gaskiya ce aka cuɗa da ƙarya, kuma ya kamata a tsince.

Littattafan dai akwai su. Gerald Gardner ya fitar da Witchcraft Today a 1954, shekara 3 bayan Ingila ta soke dokar hana sihiri, da shi ne addinin Wicca ya bayyana a fili. A 1988 Scott Cunningham na Amurka ya rubuta jagora ga mai son koyo shi kaɗai. Abin da ke cikinsu kunna kyandir ne, da bin kwanan wata, da haɗa ganyaye, da bautar wata uwar alloli. Musulmi ya san hukuncin wannan, shirka ce. Amma ba a koyar da kamun kurwa irin na mayen da muka taso muna tsoro. Wannan ƙari ne na masu ba da labari.

Cewa daga bori aka ɗauko, shi ma ba haka ba ne. Gardner ya tattaro kayansa daga almarar Turai da ƙungiyoyin asirin Ingila da rubuce-rubucen Aleister Crowley. Babu Sarkin Rafi a ciki, babu Inna ko Ɗan Galadima, babu garaya. Bori ma ba a takarda ake koyonsa ba, sai an yi wa mutum girka a hannun waɗanda suka riga shi. Turawa sun rubuta a kansa: Tremearne a 1914, Greenberg a kan Maguzawan Kano a 1946, Besmer a 1983. Nazari suka yi, ba darasin hawan iska ba.

To, ina gaskiyar ƙorafin? A 2018 an shirya sayar da wani akwatin fara tsafi a shagunan Sephora, da ɗaurin wani ganyen hayaƙi da ƙabilun asalin Amurka ke girmamawa. Suka yi ca, aka janye kayan. Kukansu shi ne an hana kakanninsu ibadarsu da ƙarfin hukuma, yau kuma wani yana cin riba da ita.

Namu rabon a wannan kuka yana wajen itatuwa, kuma shi ne ya fi damuna. Tsaya gaban mai magani a bakin titin Zariya, ba nisa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka dubi shimfiɗarsa: ganyen sabara, sassaƙen marke, ɓawon hano mai ƙamshin ƙaro, kowanne a ƙulle cikin leda. Wani likita, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirranmu a littafinsa na 1916, ya biyo da wani babba kan amfaninsu a 1937. Aiki ne mai daraja, ana cin moriyarsa har gobe. Sai dai a kimiyyance hano sunansa yake ɗauke da shi, Boswellia dalzielii, alhali mafarauta da ungozomomin da suka san bishiyar tun kaka da kakanni ba mai tuna su.

Ana kuma iya kaiwa ga mallaka. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya bai wa kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka haƙƙin wani maganin cutar shuka daga darbejiya. Indiyawa suka kai ƙara da shaidar cewa sun daɗe suna amfani da shi, aka soke a 2000. Darbejiyar da muke sha inuwarta a Tarauni ma daga wajensu ta zo mana, don haka ba kowane aro ne sata ba. Sata ita ce ka ɗauka ba izini, ka ɓoye mai shi, ka hana shi rabo.

Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce a nemi yardar masu ilimin gargajiya, a kuma raba amfani da su. Amma Indiyawa da hujja suka ci shari'arsu. Ilimin hano da sabara kuwa galibinsa yana kan tsofaffi, kuma ɗalibin jami'a da ya zo da takardar tambayoyi sau da yawa sunan ganye yake rubutawa, ya bar sunan tsohuwar da ta nuna masa.