Daga Tsibirin Mafiya Zuwa Matan Fada: Darasi Ga Mutanen Kabi

A gaɓar ƙasar Tanzaniya akwai wani tsibiri da ake kira Mafiya, wanda gwamnati ta keɓe wani sashe na tekun da ke kewaye da shi a 1995 don kare kifi da murjani. Baƙi kan zo daga Turai, su goya tukunyar iska, su nutsa don kallon halittun ƙarƙashin ruwa, su kuma biya kuɗi. Wannan na'ura ta samo asali ne a Faransa a 1943, daga hannun Jacques Cousteau da Emile Gagnan.

Mai karatu a Gwandu ko Kalgo zai iya cewa ina ruwan biri da gada? To, ai tun kafin wannan, Kabawa suna da nasu tsarin. Kogin Matan Fada na Argungu a rufe yake ga masunta sai lokacin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Sarkin Ruwa ke tsaron wannan doka. A wasan kabanci kuwa, ana gasar nutso da kamun kifi da hannu, babu tukunyar iska, sai numfashi da juriya. Hukumar UNESCO ta amince da bikin a 2016.

Sai dai wannan basira tana fuskantar barazana. Madatsun Bakolori da Goronyo sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun gulbin Rima, inda kifi ke hayayyafa, matasa kuma suna barin sana'ar iyaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: lokacin da jirgin ruwa ya kife kusa da Warra a watan Mayun 2021 da fasinjoji fiye da 100, masu nutso na gargajiya aka nema domin lalubo mamatan.

Saboda haka, ya kamata gwamnatin Jihar Kabi ta zaɓi 'ya'yan Sarkawa, ta horar da su nutso na zamani, ta ba su kayan aiki da albashi. Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza ta binciko tafkunan da suka dace a keɓe, tare da shawarar sarakunan ruwa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.