Alamar Tauraro da Rigimar Ninka Matiriks

Duk wanda ya taɓa rubuta ajin matiriks da hannunsa, wato jadawalin lambobi mai layukan kwance da na tsaye, ya san daɗin da ake ji ranar da C = A + B ya yi aiki. A C++, yaren da Bjarne Stroustrup ya fara ginawa a Bell Labs a 1979, mai rubuta manhaja na iya ɗora wa alamar + sabon aiki, ta tara jadawali biyu gurbi da gurbi. Java, da ta fito a 1995, ta hana haka. A can lissafi guda sai ya koma jerin kiran ayyuka masu cunkoson baka-biyu, har mai shi ya kasa karantawa.

Tarawa ba ta da gardama. Gardamar tana kan alamar tauraro, *, domin ninki iri biyu ne. Akwai na gurbi da gurbi, akwai kuma wanda Arthur Cayley ya fayyace a 1858: a ɗauki layin kwance na A da layin tsaye na B, a ninka lambobinsu ɗaya bayan ɗaya, a tara. A nan wanda aka sa gaba yana da tasiri. Jadawali mai 2×3 sau mai 3×2 yana ba da 2×2. A juya su, sai a sami 3×3.

NumPy, kundin lissafi na Python, ya sha wannan wahala shekaru. A ajin ndarray, * na nufin gurbi da gurbi. A ajin matrix kuwa, ninkin Cayley. Idan jadawalin murabba'i ne kuma aka miƙa ajin da bai dace ba, kwamfuta ba za ta ce uffan ba, amsa ce kawai za ta fito ba daidai ba. Wannan ya fi saƙon kuskure muni nesa ba kusa ba, don ɗalibi ko injiniya zai ɗauki lambar ya ci gaba da aiki da ita.

A 2014 Nathaniel Smith ya kawo shawarar PEP 465, sai Python 3.5 ta fito a 2015 da sabuwar alama, @, ta ninkin Cayley kaɗai. Ina ganin masu Python daidai suka yi. Mai gina ajinsa a C++ ba shi da ikon ƙirƙiro alama, saboda haka dole ya zaɓa. Kundin Eigen ya bar wa * ninkin Cayley, ya ba na gurbi da gurbi suna a fili, cwiseProduct. Su kuwa masu NumPy, yau da bakinsu suke hana mutane amfani da ajin matrix a sabon aiki.