Agogo Biyu Cikin Na'ura Ɗaya: Yadda A Ke Juya Ƙidayar Sakan Ta Zama Kwanan Wata

1. Mafari

A watan Satumba na shekarar 2021 aka rufe layukan wayar salula a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa umurnin Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu labari. Mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum suka yi makonni ba kira, ba saƙo. Duk da haka wayoyin da ke aljihunsu ba su daina nuna lokaci ba. Wanda ya kashe tasa da dare don tattalin caji, in ya kunna da asuba sai ya tarar ta san an kwana, ta kuma san ko ƙarfe nawa. Tun da ba layin da ya gaya mata, lalle akwai wani abu da ya kwana yana ƙirge a cikinta.

Gaskiyar al'amarin ita ce, kusan kowace waya ta zamani da kowace kwamfuta agogo biyu gare ta, kuma kowanne da irin harshensa. Ɗaya ƙidaya kaɗai ya iya, ɗayan kuwa sunan shekara da wata da rana ya sani. Tsakaninsu sai da tafinta. Wannan tafinta shi ne ɓangaren nan na uwar manhaja wanda ke riƙe da ragamar na'ura, wanda masu sana'ar su ke kira da wata kalmar Ingilishi mai ma'anar ƙwayar da ke cikin ɓawo. A nan ma ƙwaya za a kira shi. Za a ɗauki ƙwayar Linux ta zama abin misali, domin a kanta aka gina Android, manhajar galibin manyan wayoyin da ke hannun jama'a.

2. Agogon ƙidaya da agogon batir

Na farko, agogon ƙidaya, lamba ce guda ɗaya tak wadda ƙwaya ta ke riƙe da ita muddin na'ura tana kunne. Lambar tana faɗin sakan nawa suka wuce tun tsakar daren da ya buɗe 1 ga Janairu, 1970, a agogon GMT. Masu ƙera manhajar Unix a Amurka su suka zaɓi wannan mafari, Linux kuma ta gada daga gare su. Irin wannan lissafi Bahaushe ya san shi, don kuwa shi ne lissafin kwanaki. Mai jego takan ce yau kwananta ashirin, ba ruwanta da kwanan wata. Jaririn da aka haifa ran Alhamis a kan raɗa masa suna wata Alhamis, watau ranar haihuwa ba ta shiga ƙirge, tun da ba a kwana ba tukuna. Haka nan 1 ga Janairu, 1970, kwana sifiri ne a wurin ƙwaya.

Amfanin ƙidaya shi ne sauƙin lissafi. In ana son a san wanne ya riga wanne cikin abubuwa biyu, ko tazarar da ke tsakaninsu, sai a ɗebe ƙaramar lamba daga babba, shi ke nan. Aibinta kuwa, da an kashe na'ura ta ɓace.

Saboda haka aka yi na biyu, agogon batir. Wani ɗan guntu ne a kan allon na'ura wanda ba ya barci. A kwamfutar tebur yana da ɗan batir nasa mai kama da kwabo, a waya kuwa daga babban batir ya ke shan wuta ko da an kashe ta. Cikinsa akwai ɗan dutse mai ƙyalli, siffar cokali mai yatsa biyu, wanda ke karkarwa sau 32,768 a kowane sakan. An zaɓi wannan adadi ne don in aka yi ta raba shi biyu har sau 15 sai a sami ɗaya daidai. Wanda ya zama uba ga irin waɗannan agogai a kwamfutocin tebur shi ne MC146818 na kamfanin Motorola, wanda IBM ya sa cikin kwamfutarsa ta 1984. Wannan agogo yana da gidaje dabam dabam: gidan sakan, da na minti, da na awa, da na ranar mako, da na kwanan wata, da na wata, da na shekara. Akwai agogan batir na zamani masu ajiye ƙidayar sakan tsantsa, amma tsarin gidaje shi ne wanda ya yaɗu, shi ne kuma mai bukatar fassara.

Sa'ad da aka kunna na'ura, ƙwaya takan karanta waɗannan gidaje ta mai da su lamba guda. Sa'ad da kuma aka gyara lokaci, ko da hannu ko ta layin sadarwa, sai a bi hanyar a juye, a warware lambar a zuba ta gida gida.

3. Yadda a ke warware lamba

Ga misali, a ce agogon ƙidaya yana nuna 844,149,600. Yini da dare sakan 86,400 ne. In an raba, sai a sami kwana 9,770, da saura sakan 21,600. Wannan saura shi ne lokacin yini: awa ɗaya sakan 3,600 ce, ke nan awa 6 cif, ba minti, ba sakan.

Sai kwanakin. Daga farkon 1970 zuwa farkon 1996 shekara 26 ne, watau kwana 9,490, da ƙarin kwana 6 na shekarun da Fabrairu ya yi 29, su ne 1972, 1976, 1980, 1984, 1988 da 1992. Jimla 9,496. In an ɗebe daga 9,770 saura 274. Shekarar 1996 ita ma mai ƙari ce, saboda haka daga Janairu zuwa ƙarshen Satumba kwana 274 ne daidai. Ashe lambar ta faɗa a kan 1 ga Oktoba, 1996, ranar da aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, da ƙarfe 6 na safe agogon GMT, watau ƙarfe 7 a Anka.

Ranar mako ma daga ƙidayar ta ke fitowa. Ƙwaya tana ba Lahadi sifiri, Litinin 1, har zuwa Asabar 6. Ranar mafari Alhamis ce, lambarta 4. Sai a ƙara 4 a kan 9,770, a raba da 7, saura 2, watau Talata. A nan ɗalibi Bahaushe yakan yi tuntuɓe, domin sunayen ranakun daga ƙidayar Larabci aka aro su: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Alhamis biyar. Ga shi kuwa a lissafin ƙwaya kowacce ta ja baya da ɗaya. Wajibi ne malami ya nuna wannan tun farko.

Dokar ƙarin kwana ita ce wurin da lissafin ya fi wuya. Duk shekarar da ta rabu da 4 tana da ƙari, sai fa ta kan ƙarni, wadda ba ta samu sai ta rabu da 400. Don haka 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba. Wata dabara da Linux ta ke yi wajen haɗa kwanan wata ya koma lamba ita ce ta ɗauki Maris a matsayin watan farko, Fabrairu ya koma na ƙarshe, yadda ƙarin kwanan zai faɗa a wutsiyar shekara, ba zai dagula watannin da ke bayansa ba.

4. Zubawa cikin gidaje

Samun kwanan wata bai gama aikin ba, domin agogon batir yana da irin rubutunsa. Na'ura ba ta san kome ba sai sifiri da ɗaya, kowane gida kuwa gurbi takwas ne. Galibin waɗannan agogai sukan raba guraben huɗu huɗu, a rubuta kowane harafin lamba shi kaɗai. Minti 59 sai ya zama 0101 domin 5, da 1001 domin 9. Wanda ya karanta guraben takwas a haɗe, bai san an raba ba, 89 zai samu. Oktoba kuma, wata na 10, zai fito masa 16. Bugu da ƙari, a cikin ƙwaya Janairu sifiri ne, Oktoba 9, sai an ƙara ɗaya kafin a rubuta.

Gidan shekara haruffa biyu kaɗai ya ke ɗauka. A ciki 96 za a gani, ba 1996 ba. Wannan ƙuncin yana cikin abubuwan da suka ta da hankalin duniya gab da shekarar 2000. Wasu kwamfutoci sun keɓe wa ƙarni gida nasa. Inda babu, Linux takan ɗauki 70 zuwa 99 na ƙarnin da ya wuce ne, 00 zuwa 69 kuwa na wannan.

Har lokacin rubutawa ma da ƙa'ida. Irin agogon Motorola yakan buga sakan na gaba rabin sakan bayan an saita shi, saboda haka ƙwaya takan jira tsakiyar sakan sa'an nan ta rubuta. In na'urar Linux tana samun sahihin lokaci ta intanet, ƙwaya takan sabunta agogon batir kamar kowane minti 11. Dalili shi ne ɗan dutsen nan ba ya rasa kuskure. An yanka shi ne ya yi daidai a zafin digiri 25, in zafi ya haura ko ya sauka sai ya rage sauri. A digiri 45, wanda cikin na'ura kan kai a bazarar Zamfara, yakan yi asarar kimanin sakan ɗaya a yini. Wayar da ta yi makonni ba layi, wannan ɗan kuskure ne ke taruwa a kanta ba mai gyarawa.

5. Tsakar ranar wa?

Agogon batir yana ajiye ƙarfe 6, amma ba ya ajiye ko ƙarfe 6 na wace ƙasa. Mai sauraron rediyo ya saba jin mai shela ya faɗi lokaci a agogon GMT, sa'an nan ya ƙara awa ɗaya domin Nijeriya da Nijar. Wannan awa yarjejeniya ce ta hukuma. A 1914 rabin awa ne aka ɗora wa Nijeriya, a 1919 aka cika ta. Lokacin an auna shi ne da layin digiri 15 gabas da Girinic ta Ingila, wanda ya ratsa ta wajen Njamena. Anka kuwa tana kusa da digiri 6, Gummi tana kan 5 da 'yar ɗoriya, Bukkuyum tana tsakaninsu. Kowane digiri minti 4 ne. Shi ya sa, in an ɗauki tsakaicin shekara, rana ba ta tsayawa tsaka a Anka sai wajen 12:36, a Gummi kuwa wajen 12:40. Ladanin da ke duban inuwa da agogon da ke bango kowa da nasa ma'auni.

Al'adar Linux ita ce ta ajiye lokacin GMT a agogon batir, a ƙara awar Nijeriya sa'ad da za a nuna wa mutum. Windows kuwa lokacin gari ta saba ajiyewa. In an sa su biyu cikin kwamfuta ɗaya, Linux ta rubuta 6, Windows ta karanta, sai ta nuna ƙarfe 6 alhali kuwa 7 ta yi. Lissafin kowaccensu daidai ne, abin da suka rasa shi ne yarjejeniya.

Mafarin yini ma uku ne. Ga Bahaushe dare ke gaba, daren Jumma'a yana shiga ne da magaribar Alhamis. Ga hukuma yini yana juyawa da ƙarfe 12 na dare. Ga agogon ƙidaya kuwa sai ƙarfe 1 na dare a lokacin Nijeriya. Abin da aka rubuta a asibiti ko a banki da 12:30 na dare yana iya ɗaukar kwanan watan jiya in an manta da ƙarin awar. Watan Musulunci kuma ba ya shiga waɗannan gidaje sam, domin su doka su ke so wadda aka sani tun kafin lokaci ya zo, shi kuwa da gani a ke tsai da shi, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato. Kwanan Hijira da waya ke nunawa hasashe ne da wata manhaja ta ciro daga ƙidayar, yana iya saɓa wa sanarwa da kwana ɗaya.

6. Abin da ya shafi malamai

In ɗan batir ya mutu gidajen sukan koma mafari. Wasu na'urori sukan farka a shekarar da aka ƙera su, wasu kuwa a ƙarfe 1 na daren 1 ga Janairu, 1970, wanda shi ne sifiri da ƙarin awar Nijeriya. Kwamfutar makaranta da ta shiga wannan hali za ta buga wa takardu kwanan watan ƙarya, shafukan intanet masu tsaro kuma za su ƙi buɗuwa, domin takardar shaidarsu tana da ranar farawa da ta ƙarewa, na'urar kuwa tana ganin ranar farawar ba ta zo ba. Maganin abin sabon batir ne da saita lokaci.

Ita ma ƙidaya tana da iyaka a tsofaffin na'urori masu ajiye ta cikin gurbi 32. Mafi girman lambar da su ke ɗauka ita ce 2,147,483,647, za a kai ta ran 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba a lokacin Nijeriya, daga nan lissafi ya kife ya koma Disamba, 1901. An faɗaɗa ƙidayar Linux zuwa gurbi 64, amma na'urar da ba a sabunta ba tana nan da ƙuncinta.

Saura maganar kalmomi, wadda ita ce rabon masu nazarin harshe. Kalmomin lokaci na Hausa daga kogi dabam dabam suka gangaro. Agogo daga Yarabanci ya zo, inda ya ke nufin ƙararrawa. Sa'a da daƙiƙa daga Larabci. Awa da minti da sakan daga Ingilishi. Ƙarfe kuwa na gida ne, an ɗauko shi daga bugun ƙarfe don sanar da awa. Wadda ta fi haɗari ita ce daƙiƙa. A Larabci minti ta ke nufi, almajiri ma haka ya san ta, amma jaridu da gidajen rediyo sukan sa ta a madadin sakan. Ɗalibin da aka ce masa yini da dare daƙiƙa 86,400 ne, in da ma'anar Larabci ya ji, ya yi kuskure ninki 60. Saboda haka ya fi kyau a littattafan kwalejojin horon malamai a tsaya kan sakan da minti, a kuma riƙa bambanta kwana, wanda ƙidaya ce, da kwanan wata, wanda suna ne. Ɗalibin da ya rarrabe waɗannan biyu da harshensa ya riga ya fahimci abin da ƙwaya ta ke yi tsakanin agogonta biyu.